Ranar da Na Ƙona Firigon Surukata

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba.

Shekaru na yi ina gyaran babura a Zango, har aka fara kawo min rediyo da fanka, ni kuma ban taɓa cewa ban iya ba (cutata ke nan). Lokacin ɗana Sani yana neman 'yar Hajiya Rabi ta unguwar Wemtenga. Hajiya ta sayi wata 'yar karaban, ɗakin nan mai taya da nasara ke ja da mota su kwana a daji. A ciki akwai ƙaramin firigo mai aiki da batir, da shi take sanyaya bisap, wato zoɓo, na sayarwa. Ɓera ya cinye wayoyin batirin, sana'a ta tsaya. Sani, don ya samu shiga, ya ce ai babansa gwani ne.

Na tafi da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yayyen Hajiya maza biyu suna kan tabarma suna shan shayi, suna kallona. Na buɗe akwatin batir, na ga waya biyu, baƙa da fara. A wurinmu masu babura, baƙa kullum kan alamar ragi ta batir take zuwa.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Baban Sani, akwai takarda manne a murfin nan. Ko a duba maka?"

Na ɗauka rubutun nasara ne, na ce, "Hajiya, ai wuta ba ta jin Faransanci."

Mazan suka yi dariya, kaina ya ƙara kumbura (Allah ya yafe min). Abin gwada wuta yana aljihuna, amma fito da shi a gaban surukai kamar na ce ina shakka ne. Fis ɗin ma na tarar ya tsinke, sai na naɗe shi da silin waya yadda muke yi wa babur. Na yi bisimilla da ƙarfi, na ɗaura.

Firigo ya yi wata 'yar ƙara, hayaƙi ya taso, warin roba ya cika gidan. Babban wanta ya ajiye kofi a hankali ya ce, "Malam, wannan warin yana cikin gyaran ne, ko mu tashi?"

Sai a lokacin na kalli takardar. Ashe ma zane ne, baƙar waya da alamar ƙari a gefenta. Su masu ƙera karaban ɗin, baƙa ce mai wuta a wurinsu.

Hajiya ta zubo min bisap mai ɗumi ta ce, "Sha, Baban Sani. Haka za mu riƙa shansa yanzu."

Na sha, ina ta ɗora wa nasara laifi. Sai bayan an ɗaura auren na iya zuwa na ba ta haƙuri, ta ce ita ta yafe tuntuni, yayyenta ne dai ba za su daina ba da labarin ba.

A makare na gane cewa "ban sani ba" tana da nauyi a baki, amma ba ta hayaƙi.