Rasuwar Sha Huɗu, Wayar Reshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda bai hana ta zargi ba, manajan reshe ke sanar da 'yan uwa, abokan ciniki da ma'aikatan babban ofis rasuwar wayar teburinsa, wadda aka fi sani da lambarta, Sha Huɗu. A cikin mota yake rubuta wannan, kan hanyar dawowa daga wurin mai gyara. Ga abin da ke kan cinyarsa: gawar, naɗe cikin tawul, takardar mai gyara mai layi biyu, caja guda biyu, ɗaya tata, ɗaya ba tata ba.

Marigayiyar ta rasu tana da wata goma sha ɗaya a bakin aiki. Shi ya kawo ta, a shekarar da ya dawo daga karatu a ƙasar waje, Kawunsa mai kamfanin ya turo shi riƙon wannan reshe mai nisan awa biyar, inda ake sayar da injin ban-ruwa da bututu. Kawu ya daɗe yana son rufe reshen, don duk wanda ya kira a salula sai daga baya a ce masa babu sabis. Manaja ya nemi mako biyu. Ya haɗa wayar da intanet, ya ɗaura ta a jikin wayoyin babban ofis, har ta zama kamar tana ɗakin da ke maƙwabtaka da na Kawu. Ɗaya da huɗu kawai tsohon zai danna. Ranar da aka gwada, kalmar farko da ta fito daga bakinta ita ce: "To, ɗan nan, na ji ka. Amma reshen da na daina jin numfashinsa, rufe shi zan yi."

Marigayiyar ba ta san ƙarya ba. Ba ta taɓa cewa babu sabis alhali akwai ba. Ƙarfe takwas daidai take kuka, kirrr-kirrr, sau biyu a jere, sai ta huta ta sake. Wanda ya ɗaga zai ji muryar Kawu: "Wa ke nan? Ina sauran?" Tana da 'yar nawa a magana, musamman idan hadari ya haɗu, ta yadda Kawu da manaja kan fara "Halo" a tare, su yi shiru a tare, su sake farawa a tare. Aibinta ke nan, kuma an yafe mata.

Ta rasu ta bar na'urar intanet da suka yi zaman amana a kan kanta ɗaya, da igiya shuɗiya mai tsawon mita uku, da yayyenta goma sha uku a babban ofis, dukkansu lafiya lau cikin sanyin esi. Ta kuma bar ma'aikata huɗu, waɗanda manaja ya duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya bai ga hawaye ba.

Ba ta yi jinya ba. Ranar Laraba da hantsi aka ɗauke wuta. Akwai doka a reshen, manaja da kansa ya kafa ta: kafin a tada janareta sai an cire komai daga soket, a zuba cajojin a kwando ɗaya, in wuta ta daidaita a mayar. Shi yana sito yana duba kaya. Da ya dawo ya tarar da wari kamar an ƙona roba, fuskar marigayiyar ta yi baƙi. Sautinta na ƙarshe, in ji waɗanda ke wurin, ƙit ne guda ɗaya. Mai gyara ya ce wuta mai ƙarfin sha tara aka ɗura mata, ita da cikinta ba ya ɗaukar fiye da biyar. Cajar kwamfuta aka soka mata. Bakin cajojin iri ɗaya ne, launinsu ma baƙi, amma ɗaya ta ninka ɗaya nauyi sau uku. Makaho ma in ya ɗaga zai sani.

Manaja ba ya kiran sunan kowa. Yana dai tuna wa jama'a cewa tun zuwan marigayiyar ma'ajin sito bai ƙara yin barcin rana a kan buhunan bututu ba. Sakatariya, wadda a da take isowa bayan ta kai 'ya'yanta makaranta ta biya kasuwa, ta koma isowa takwas saura tana haki. Direba ya taɓa kiran marigayiyar 'yar leƙen asiri a gaban shaidu. Mai gadi kuwa ya ce shi bai ma san ana cire ta ba, alhali kwandon nasa ne. Da aka tambayi wanda ya mayar da cajojin, ma'aji ya ce, "Wallahi Yallaɓai, hannu da yawa ne." Sakatariya ta ce, "Ai kwana ne ya ƙare, Yallaɓai." Bai taɓa jin an yi wa mamaci addu'a da saurin da suka yi mata ba.

In da gangan aka yi, wanda ya yi ya sari reshen da yake zaune a kai. Yau kwana uku Kawu yana danna ɗaya da huɗu yana jin shiru. Jiya ya aiko da saƙo ta bakin surukinsa: zuwa Litinin a ba shi sunan wanda ya kashe wayar ya sallame shi, in ba haka ba a kawo masa makullan reshen.

Manaja ya auna abin da ke hannunsa. Zargi yana da shi har ya yi kyauta. Shaida kuwa uku ce rak: kwamfuta ɗaya ce a reshen, tasa ce, cajar da ta yi kisan ma tasa ce, dokar kwando kuma daga bakinsa ta fito. Ba a koya masa korar mutum a kan kallon fuska ba, ko da fuskar ta ma'aji ce.

Za a yi jana'izar gobe Asabar da ƙarfe goma na safe, a sito, kanta ta uku daga sama, cikin kwalin da ta zo da shi. Ma'aji ne zai ɗauki gawar, direba ya riƙe masa tsani. Ana karɓar ta'aziyya ta salula, ga wanda ya samu sabis. Ba a buƙatar kuka, tunda an ga babu shi. Magajiyarta za ta iso ranar Talata, an shafa wa cajarta jan fenti, kuma a teburin ma'aji za ta zauna, kusa da kunnensa.

Bayan an sauko daga tsani, manaja zai rufe ƙofar sito da hannunsa. Ranar Litinin Kawu zai samu sunan da ya nema, kuma sunan ɗan ƙanwarsa ne. In ya ga dama ya kore shi.