Abin da Ke Bin Sunaye a Ƙarƙashin Randa

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da wani ɗan abu rawaya, marar ido marar baki, ya kusa kwashe min 'yan aji, ya kuma kwance min zani a gaban iyayensu.

Lokacin ina koyar da 'yan aji shida a wani ƙauye kusa da Guci. An tura ni Damagaram wani ɗan horo kan koyar da kimiyya da Faransanci, aka sallame mu da ambulan ɗai-ɗai. A ciki akwai 'yar takarda mai busasshen tabo, kamar miyar da ta ɗiga ta bushe. Sunansa wai blob. Ba dabba ba ne, ba tsiro ba ne, ba shi da ƙwaƙwalwa, amma in an yayyafa masa ruwa sai ya farka ya yi ta rarrafe yana neman abinci. Na dawo gida ina ji da kaina (har ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni sai da na yi wa bayani, alhali bai tambaye ni ba).

Na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a tire, na ajiye abin a tsakiya. Na raba aji gida biyar, kowane shugaban rukuni ya ajiye tsakin gero a gefe, na rubuta sunansa kusa da shi, don mu ga na wa zai fara cimma. Ni ma na sa nawa. Da jan biro na rubuta, don shi ne a hannuna. Tun da abin na son duhu da sanyi, sai na kife shi da roba, na lulluɓe da baƙin ƙyalle, na tura ƙarƙashin randar da ke lungun aji.

Ku dubi wannan aiki: sunayen 'ya'yan mutane da jan rubutu, cikin baƙin ƙyalle, a ƙarƙashin randa. Kowace tsohuwa a garin ta san me ake kiran wannan. Ni kaɗai ce ban gani ba, ina can ina koya musu yadda ake cewa “yana motsi” da Faransanci.

Ranar Talata muka buɗe. Abin ya miƙa siraran jijiyoyi ya lulluɓe sunan Rabi. Na duba benci, babu Rabi. Aka ce ta kwana da zazzaɓi. Na ce ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa. Ranar Laraba ya hau sunan Sale, shi ma wurinsa wayam. Ajin da sai na bugi tebur yake yin shiru, ranar har ɗigar randa ina ji. Yara suka daina shan ruwanta, wata ta ce min a hankali, “Madan, ki goge nawa.”

Na yi dariya na ce camfi ne. Amma da aka tashi na zauna ni kaɗai, ban iya juya wa lungun nan baya ba. Abin ba ya ƙara, ba ya wari, in ka zuba masa ido ba ka ganin motsinsa. Sai ka kau da kai ka dawo ka tarar ya matsa. Gaskiya na ji tsoro, na ɓoye.

Ranar Alhamis rabin aji bai zo ba. Daraktan makarantar ya kira ni ya ce iyaye sun rantse 'ya'yansu ba za su ƙara taka makarantar ba, kuma waɗannan yara su ne masu jarrabawa a bana. “Madan, gobe da hantsi za su zo. Ki nuna masu abin nan da hannunki, ki yi masu bayani da Hausa.”

Suka zo, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi. A gaba akwai Iya Dije, kakar Rabi, ta kafe ni da ido. Na yi jawabi mai kyau, har da cewa jahilci ne ke sa mutum tsoron abin da bai sani ba (wannan maganar har yau tana ƙona ni). Sannan na yaye ƙyallen, na ɗaga robar.

Abin ya janye daga kan sunan kowa. Ya tattara kansa jijiya ɗaya mai kauri, ta ratsa tiren ta kwanta kan sunana. Wani reshe kuma ya hau bakin tiren, daidai inda na riƙe. Na ji sanyinsa a yatsana.

Ban san sa'ad da na yi jifa da tiren ba. Na tsinci kaina bayan darakta, na damƙe masa riga, ina goge yatsa a ƙasa ina jero duk addu'ar da ta zo bakina, ta shiga kasuwa ma ban bari ba. Kallabina na can, takalmi ɗaya na can. Kuma da kunnena na ji bakina yana cewa, “Ya san ni, wallahi ya san ni.”

Babu wanda ya yi dariya, ni kuwa da an yi da ya fi min sauƙi. Iya Dije ta tashi da sandarta, ta ɗauki takardar, ta kai ta kusa da ido, ta shinshina.

“Wannan ne?” in ji ta. “Ai irinsa na fitowa bisa ruɓaɓɓen kara bayan rumbu, in ruwa ya yi yawa. Kaji ma ba su kula shi.” Ta sa farce ta tono tsakin da ke kan sunana. “Ke 'yar nan, wa ya zuba wannan? Na yaran ƙwaya bibbiyu, naki cike da tafi. In ni ce ma wajenki zan nufa.”

Nan aka fashe da dariya. Ni na zuba, don ina so nawa ya ci gasar.

Rabi da Sale zazzaɓin sauro ne, an kai su likita sun warke. Ranar Litinin aji ya cika, ba don jawabina ba, sai don Iya Dije ta ce abin kwaɗayi ne kawai ke damunsa, kamar Madan.

Na koyi cewa kafin ka kira tsoron wani jahilci, ka bari a rubuta naka sunan tukuna. Abin na busar da shi, yana cikin ambulan a ƙasan akwatina. Na san sarai ba ya farkawa sai da ruwa. Duk da haka, ambulan ɗin ban rubuta sunana a bayansa ba.