Ranar da Na Ɓullo Ta Silin

Gidana na Orozo ya daɗe babu ɗan haya, sai ga wata Hajiya ma'aikaciyar gwamnati ta zo dubawa. Ta murɗa kowane famfo, ta shinshina kowane ɗaki, sannan ta nuna wani tabo a silin.

"Baba, rufin nan yana yoyo."

"Hajiya, ni na tsaya kan ginin nan da kaina."

Na kafa tsani na shige cikin rufin, da tumbina da komai. Ina takawa silin ya burma, ƙafafuna suna reto a falo, wandona ya maƙale a ƙusa.

Ta kama gidan, ina jin don tausayi. Amma har yau in na ce zan zo, sai ta ce, "Baba, ta ƙofa ko ta sama?"