Kyamarar Ɗantani

Da hantsi Surajo mai hoto ya taso daga Jega zuwa Danwarai, gidan kakarsa Inno, riƙe da ƙullin goro. Inno ta dubi goron, ta dubi jikan, ta ja tabarmarta baya. Rabonsa da kawo mata ko tsinke tun sallar bara.

"...lahiya lau, amaryata. Kin ƙara kyau!"

"Uhm. Mijin da ba ya cefane, yau da goro? Mi ka ɓata?"

"Ƙauna ce kawai. Af, wai tsohuwar kyamarar marigayi Ɗantani tana nan cikin adaka? In rage miki tarkace."

"Tarkace! Ina taka ta zamani, wadda ka saida albasar gona guda ka saya, kana ce ma ta mijina gwangwani?"

Surajo ya sosa ƙeya. "Na kai ta Sakkwato. Ko kwatan kuɗinta ba su taya ba. Wai an yi sababbi ukku bayanta."

"Shekara ukku ta tsufa? Albasa ma in ka aje ta, daraja taka yi."

"Ke ma ai kin tsufa, sakinki zan yi."

"Saki mana. Tsoho aka yayi yanzu. Ka aza maƙwabciyata Tasalla ba ta hwaɗa mani wani Bakano na yawo yana sayen masu fim da tsada ba?"

Ta jawo adakar, ta warware kyamarar daga cikin tsohon zane. Surajo ya yi wuf ya karɓe, ya sa farce zai ɓalle murfin baya. Inno ta kai masa duka a hannu.

"Kai, ɓarawo! Akwai fim ciki! Haske ya shiga, ya ƙone. Wanga shi ne mai hoto?"

"Fim ɗin mi kuma?"

"Shekara talatin kakanka na ɗaukar mutane, shi ba wanda ya ɗauke shi. Sati guda kahin ya kwanta ciwo ya ce in latsa. Ni na latsa."

Surajo ya janye farcensa a hankali.

"Ashe kishiyina na ciki."

"Yana ciki, kuma ya hi ka kyau. Ka nemo mai wankewa, ko Legas ne. Ka kawo man huskarshi, gwangwanin naka ne."

Surajo ya yi dariya, ya naɗe kyamarar cikin zanen da kansa.

"Bakano ya haƙura. Riƙe goron, amarya, kin ci."

"Da ma na ci. Goron ma rabinshi ƙwari ne."