Ranar da Na Karanta Sakamakon Bara

Duk Asabar da la'asar mukan haɗu a shagon Chinedu mai gyaran talabijin a Yelwa, mu kalli kokawar Meziko ta masu rufe fuska. Ni ne masanin wurin, domin a ɓoye nakan karanta sakamakon a waya tun kafin a nuna wasan.

Rannan na miƙe tsaye na ce, “Mai shuɗin takunkumi zai ci. In bai ci ba, ku daina gaishe ni.”

Nan da nan aka maka shi da ƙasa. Ashe sakamakon bara na karanta.

Shagon ya rufe tuni, kowa ya kama gabansa. Amma duk Sallah abokina Sani yakan kira daga Fatakwal, ba gaisuwa, sai dai, “Boka, wa zai ci?”

Yau Sallah, tun safe nake jiran kiran.