Ranar da na yi wa jirgi tsawar shanu

Ba zan taɓa manta ranar da aka miƙa wa ƙungiyarmu jirgin ruwa ba, kuma ko na so mantawa mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Ƙorafina ɗaya ne, har gobe ina kansa: wanda ya rubuta ɗan littafin da ya zo da injin bai faɗa a ko'ina cewa jirgi ba shi da birki ba. Na karanta shi sau uku, da yatsa a kan kowane layi. Babu.

Mu mata ashirin da wani abu ne masu noman rani a bakin dam, can wajen Dutsi. Gonakinmu suna tsallaken ruwa, titin mota yana wannan gefe. Kafin masunta su ga damar ɗauko mana tumatir a ƙananan kwalekwalensu, rabi ya yi laushi. Sai wani shirin tallafi ya ba mu babban jirgi mai inji ɗaya a baya, mai cin kwando talatin. Sharaɗin jami'in shirin shi ne mu nuna muna da mai tuƙi a cikinmu, in ba haka ba makulli ya koma hannun Sarkin Ruwa, mu koma jira.

Na ce ni zan tuƙa. Hujjata biyu ce. Tun ina yarinya nake kora amalanken shanun babanmu, kuma ina da shekara arba'in da biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci na fito da takardar shaida (takardar nan, in faɗa muku gaskiya, ta ɗan hau mini kai a lokacin).

Sarkin Ruwa kuwa Sale ne, ɗan kawuna, taubashina, mutumin da tun muna yara ba mu taɓa rabuwa ba tare da an yi wa wani dariya ba. Ana jibi bikin miƙa jirgi ya same ni a bakin ruwa ina karatu.

"Malama," ya ce, "zo in zagaya da ke sau biyu. Tashi ba wuya, sauka ce aiki."

"Ka iya rubuta sunanka?" na ce.

"A'a."

"To bar masu karatu su yi karatu."

Ya gyara hularsa ya tafi. Ban kai ga sanin nauyin maganata ba sai daga baya.

Ranar biki aka kafa rumfa a bakin ruwa. Dagaci ya zauna, jami'i ya zauna, aka jera kwandunan tumatirinmu a gaba don baƙi su gani. Na sa rigar kariya a kan hijabi, na naɗe takardar shaidata a leda na soke a ƙugu, ko za a tambaya (ba wanda ya tambaya). Mata takwas suka shiga, Lantana mataimakiyata a kusa da ni.

Na ja igiya, inji ya kama. Na sa giya, na murɗa totur, muka tashi. Nan na fara ganin bambanci. Sa, in ka ja shi dama, dama yake yi. Hannun injin nan kuwa in ka tura shi dama, hancin jirgi hagu yake nufa, kuma gindin ne ke fara juyawa. Muka yi tafiyar maciji na ɗan lokaci, sannan na gane kansa. Muka kai tsakiyar ruwa, muka kewayo, mata suna guɗa. Na ji a raina cewa an gama.

Da muka doso rumfa sai na tuna ban san yadda ake tsayawa ba.

"Yaya, rage," in ji Lantana.

"Na sani."

"Yaya, dagaci ne fa a gabanmu."

Na yi lissafi irin na mai hankali: abin da ke tura jirgi inji ne, in an kashe shi dole jirgi ya tsaya. Na kashe. Wuri ya yi tsit, jirgi kuwa ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba da shi ake ba. Na tura hannun inji hagu, na tura dama, ko gezau. Ashe farfela ce ke juya jirgi, in ta daina juyawa sandar da ke hannunka ba ta fi muciya ba. Iska kuma tana bayanmu tana taya shi.

Abin da na yi daga nan ban shirya shi ba. Na miƙe tsaye, na riƙe igiyar jirgi da hannu biyu, na ja baya da ƙarfina, na daka tsawa da muryar da nake yi wa san babanmu shekara talatin da suka wuce:

"Tsaya, Ɗan Baƙi! Tsaya nan!"

Da yake inji a kashe yake, babu wanda bai ji ba.

Ɗan Baƙi bai tsaya ba. Ya gogi kwalekwalen Sale, ya hau taɓo, ya tura hancinsa cikin kwandunan tumatir, ya tsaya taku uku daga takalmin dagaci. Ni kuma da nake tsaye ina jan igiya na tafi ta gefe, na zauna a ruwa iya ƙirji. Ba wanda ya ji ciwo. An ce da na ɗago, hannuna ɗaya yana sama riƙe da ledar takarda, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Dagaci ya dubi tumatirin da ya fashe a gabansa ya ce, "To, an sauke kaya." Jami'i ya rufe bakinsa da fayil. Sale ne ya shigo ruwa ya miƙo mini sandar tuƙinsa.

"Malama, kama nan. Shafi na nawa ne wannan?"

Na kama sandar, ya jawo ni na fito. Jami'i ya fara cewa makulli zai koma wurin Sarkin Ruwa, matanmu suka sunkuyar da kai. Wannan ya fi mini ruwan dam ɗin sanyi. Sai Sale ya ce a ajiye makulli wurin dagaci wata ɗaya. Ya ce wadda ta kewaya dam ba ta kifar da kowa ba a ranar farko, saura mata abu ɗaya, kuma shi ya san abin.

Abin da na koya ba shi da yawa. Littafi yana faɗa maka abin da marubucinsa ya tuna ne kawai, sauran yana wurin mutumin da ka raina. Yanzu na san ana rage wuta tun daga nesa, a shigo a karkace ana fuskantar iska, a cire giya inji yana raye, a ɗan taɓa ribas. Jirgin kuma har yau Ɗan Baƙi ake ce masa, har an rubuta a jikinsa da fenti.

Washegari da sassafe na dama fura, na ɗauki sabon littafin rubutu da fensir, na sami Sale yana ɗinke komar kamun kifi a bakin ruwa. Na ajiye kwanon a gabansa.

"Ka koya mini sauka," na ce, "ni kuma in koya maka sunanka."

Ya sha fura sosai kafin ya amsa.

"Harafi nawa ne?"

"Huɗu."

"To naki karatun ya fi tsawo. Shiga, ki zauna a ƙasa, kuma kada ki kira kowane sa."

Na cire takalmi na shiga.