Ɗigo Uku a Jinin Malam Habu

Ba zan taɓa mantawa da makon da na gano kansar jini a jikin mutum shida ba, har da ni kaina, kuma duk da na'ura ɗaya.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin lemon kwalba a Sharada, unguwar masana'antu a Kano. Aikina bai wuce auna zaƙi da duba ko lemo ya fara lalacewa ba. Ga digiri na biyu a jaka, ga ni ina ɗanɗana lemo. Ana nan sai na ga sanarwar wata jami'a a waje tana neman ɗaliban digiri na uku da za su yi bincike kan kansar jini da sababbin hanyoyin maganinta. Abin ya shiga raina. Na fara karanta yadda ɓargo ke haifar da fararen ƙwayoyin jini marasa kan gado, da yadda yanzu ake koya wa garkuwar jikin mutum ta farautar su da kanta. Ko a cikin adaidaita sahu karatun nake yi, har sau biyu ana wuce da ni ƙofar kamfani.

Abu biyu suke nema: tsarin binciken da mutum zai yi, da wasiƙar shaida daga wani masani. Ni ba ni da ko ɗaya. Abin da nake da shi shi ne tsohuwar na'urar duba ƙwayoyin cuta da ke kan teburina, da kuma son ganin ƙwaƙwaf (mahaifiyata ta ce tun ina yaro ba a barin rediyo kusa da ni). Na sayo ƙananan gilasai da ruwan rina jini, na zauna jiran wanda zai ba ni yatsa.

Sai ga Malam Habu, dattijon da ke gyara mana inji, mutumin wajen Jigawa, ya shigo yana ƙorafin gajiya. Dama Likita yake kirana don tsokana. Na soki yatsansa, na shafa a gilashi, na leƙa. Ga wasu ɗigo uku manya, masu duhu, gefensu duk gashi-gashi. Ba su yi kama da hotunan littafi sosai ba, amma na ce ai littafin ba a Kano aka rubuta shi ba. Na kara waya a bakin na'urar na ɗauki hoto.

Da na yi shiru da bakina da an zauna lafiya. Amma na cire tabarau kamar yadda na ga manyan likitoci na yi, na gaya masa abin da nake zargi. Ya ce, "Allah Ya sa mu cika da imani." Washegari ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, sannan ya nemi hutu ya tafi garinsu. Gaskiya na ji tausayinsa har cikin raina, amma (Allah Ya yafe mini) akwai wani ɓangare na zuciyata da ke rubuta tsarin bincike.

Kafin ya dawo na gwada mutum huɗu ina ɗaukar hoto, duk ga ɗigon nan. Na gwada kaina, ga su. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa cewa na yi na bankaɗo annoba a unguwar masana'antu, na cika shafi goma a kan hayaƙi da ruwan da kamfanoni ke zubarwa. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, rabi tsoron mutuwa, rabi murna.

Da Malam Habu ya dawo na ɗauke shi muka je wurin wata farfesa mai nazarin cututtukan jini, wadda nake fatan samun wasiƙa daga hannunta. Muka same ta da ɗalibanta. Ta saurare ni har na gama, ta sa gilasan a tata na'urar, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta karɓi wayata ta jera hotunan shida tana kallo.

"Malam, ka lura cutar nan taku tana da ladabi?" in ji ta. "A jinin kowa wuri ɗaya take zama. Biyu a sama ta hagu, ɗaya a ƙasa."

Na duba. Haka ne. Ta tambaye ni yaushe rabon da a goge idon na'urar, kuma ko na taɓa leƙawa ba tare da na sa komai a ƙarƙashinta ba. Ban taɓa ba. Ashe fumfuna ce ta tsiro a jikin gilashin idon na'urar. Ɗalibai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ni dai na ma rasa inda zan ajiye shafi goman nan.

Aka yi wa Malam Habu gwaji na gaskiya, aka ce hutu kawai yake buƙata da abinci mai kyau. Farfesa ba ta ba ni wasiƙa ba. Ta ce in riƙa zuwa duk Asabar, in fara da wanke gilasai, in koyi yadda lafiyayyen jini yake kafin in nemi marar lafiya. Shekarar ta wuce ni, amma har yau ina zuwa, kuma ina sa ran sanarwar baɗi.

A hanyar komawa na dinga ba Malam Habu haƙuri, yana kallon titi. Sai da muka iso Sharada ya gaya mini cewa a tafiyar nan ya je ya durƙusa wa ƙanensa, wanda suka shekara goma sha ɗaya ba sa magana saboda gona, kuma ya bar masa gonar.

"Na yafe maka, Likita, ka haɗa ni da ɗan'uwana," in ji shi. "Amma gonar fa ta tafi."

Tun daga ranar, kafin in ce wani yana da cuta, sai na fara goge abin da nake kallonsa da shi.